Lamunin Katin Bashi da Cinikin Haramtattun Magunguna

Akwai wata magana da ta daɗe tana zagawa a bakin masu sayayya ta intanet a Amurka da Ingila, har ta fara isa kunnen 'yan'uwanmu mazauna can da waɗanda ke nan gida suna riƙe da katin dala, watau wai duk wanda ya biya kuɗin magani da katin bashi ba shi da abin tsoro, domin in maganin bai zo ba, ko ya zo ba yadda ake so ba, sai kawai ya kai kuka banki a mayar masa da kuɗinsa. Masu faɗin haka ba ƙarya tsagwaronta suke yi ba, kuma haɗarin maganar ke nan, gama dokar da suke jingina da ita tana nan a rubuce, bankuna kuma suna aiki da ita kullum. Illa dai an ɗora mata nauyin da ba domin shi aka kafa ta ba, har ta kai ga mutum mai hankali, mai taka-tsantsan a sauran al'amuransa, ya miƙa lambar katinsa ga kantin da bai san ƙasar da yake ba, ya karɓi ƙwayar da ba likitan da ya rubuta masa, ya haɗiye ta da natsuwar zuciya, yana zaton banki na tsaye a bayansa.

Wanda ya san asalin wannan doka zai fahimci iyakarta. A shekarar 1958 wani babban banki a jihar Kalifoniya ya aika wa mutanen garin Fresno katunan bashi kimanin 60,000 ta gidan waya ba tare da sun nema ba, kuma katin nan ne daga baya, a 1976, ya ɗauki sunan Visa. Sauran bankuna suka bi sahu, katuna suka yi ta faɗawa hannun ɓarayi, kwamfutocin lissafi na lokacin suka yi ta ɗora wa mutane bashin da ba su ci ba, mai ƙorafi kuwa ya rasa wanda zai saurare shi. Sai majalisar dokokin Amurka ta hana rarraba kati ga wanda bai nema ba a 1970, ta kuma ƙayyade cewa in an sace katin mutum aka yi ciniki da shi, abin da zai hau kansa ba zai wuce dala 50 ba. Sa'an nan a 1974 ta kafa dokar gyaran kurakuran lissafin bashi, wadda ita ce tushen duk abin da ake tinƙaho da shi yau. Manufarta, kamar yadda tarihinta ya nuna, sulhunta rigimar lissafi ce tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi. 

Dokar ta buɗe wa mai kati ƙofofi biyu, kuma yawancin ruɗanin ya taso ne daga cakuɗa su. Ta farko ita ce kuskuren lissafi: cinikin da mutum bai yi ba, ko kuɗin da aka cire fiye da wanda aka yi yarjejeniya a kansa, ko kayan da aka biya ba su iso ba. A nan wajibi ne mai kati ya rubuta wa bankinsa cikin kwana 60 daga ranar da aka aiko masa takardar lissafin da kuskuren ya fara bayyana a ciki, bankin kuma ya amsa masa cikin kwana 30, ya yanke hukunci kafin kwana 90 su cika, kuma muddin ana bincike ba za a tilasta masa biyan kuɗin da ake jayayya a kansu ba. Ƙofa ta biyu, wadda ta shafi ingancin kayan, ta fi wannan ƙunci nesa ba kusa ba, domin sharaɗinta shi ne kuɗin cinikin su haura dala 50, mai sayen ya fara neman sulhu da ɗan kasuwar da kyakkyawar niyya, cinikin kuma ya kasance an ƙulla shi a cikin jiharsa ko a wurin da bai wuce mil 100 daga gidansa ba, sa'an nan abin da zai iya ƙin biya shi ne ragowar bashin da bai riga ya biya ba kawai. To wanda ya sayi ƙwaya daga kantin da adireshinsa ke cewa Kanada, asusunsa yana wata ƙasa, kayansa kuma suna tasowa daga Indiya, ta yaya zai shigo da cinikinsa cikin mil 100 ɗin nan ba tare da doguwar jayayya ba?

A Ingila sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya fi wannan ƙarfi, domin ya ɗora wa kamfanin katin alhaki daidai da na ɗan kasuwa in an saɓa alkawari ko an yaudari mai saye, amma sai farashin abu guda ya haura fam 100 bai kuma wuce fam 30,000 ba, alhali kwalin ƙwayoyin da ake tallarsu da araha galibi bai kai ƙaramin adadin ba. Abin da ya rage wa mafi yawan mutane a duniya shi ne tsarin da Visa da Mastercard suka shimfiɗa wa bankuna da kansu, inda bankin mai kati ke janyo kuɗi daga bankin ɗan kasuwa in ƙorafi ya tabbata, yawanci cikin kwana 120. Wannan ƙa'idar kamfani ce, su suka rubuta ta, su ke gyara ta, kuma tana da hujjojin da take nema.

Ɗalibin fiƙihu zai ga alamar abin da ya sani a nan, domin malamanmu sun daɗe da tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, kamar yadda suka ɗora kawo hujja a kan mai da'awa. Amma zai tuna kuma cewa tun kafin a zo babin aibi an shardanta abin sayarwa ya kasance sananne, ba wanda aka jahilci haƙiƙarsa ba, domin kauce wa garari. Magani kuwa yana cikin kayan da ido ba ya iya tantance su. Wanda ya sayi riga aka kawo masa baƙa maimakon fara, hoto ɗaya ya ishe shi hujja. Wanda ya sayi maganin hawan jini aka kawo masa ƙwaya mai kamar ta gaske a launi da tambari, alhali rabin sinadarin da ya kamata ne a cikinta, ko babu ko kaɗan, ba zai ji ciwo a ranar ba, ba zai ga alama a mako ba, zai ci gaba da sha yana yabon kantin da ya sauƙaƙa masa, har ranar da jijiya za ta tsinke a ƙwaƙwalwarsa. A lokacin kwana 60 sun wuce, kwana 120 ma la'alla sun wuce, ƙwayoyin da za su zama shaida an haɗiye su, iyalinsa kuma ba wanda zai kawo kantin intanet a ransa. Ko da ya yi shakka da wuri, ƙa'idar Visa game da jabun kaya tana neman shaida daga kamfanin da ke da asalin kayan, ko daga hukuma, ko daga ƙwararre mai zaman kansa, kuma kuɗin gwajin ƙwaya a ɗakin bincike sau da yawa ya fi kuɗin da ake neman ƙwatowa.

Sai kuma mas'alar halaccin cinikin kansa, wadda masu yaɗa maganar ke tsallakewa. Shigo da maganin da ke bukatar takardar likita daga waje zuwa Amurka, in hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ba ta amince da shi ba, saɓa doka ne a bisa asali ko da don amfanin kai ne, sai ɗan sassaucin da hukumar kan yi a wasu halaye na larura. Kwastan suna tsare irin waɗannan ƙunshi, su aika wa mai shi takarda. In ya je banki ya ce kayansa ba su iso ba, ɗan kasuwa zai fito da shaidar cewa ya aika, kuma a ƙa'idojin kamfanonin kati akwai sharaɗi game da kayan da kwastan na ƙasar mai saye suka riƙe, wanda ke raunana irin wannan da'awa. Ga kunya kuma, domin mutum zai rubuta da hannunsa cewa ya nemi abin da doka ta hana shi nema ta wannan hanya. A wannan ƙunci ne ake ba mutane wata muguwar shawara, cewa su gaya wa banki ba su san da cinikin ba sam, an saci lambar katinsu ne. Wannan shaidar zur ce, kuma zamba ce a dokar ƙasashen. In ɗan kasuwa ya kawo adireshin da aka kai kayan da saƙonnin da aka yi musaya, mai ƙorafin ne zai koma abin tuhuma, a rufe asusunsa, bayan ya ɗauki zunubin ƙarya a kan 'yan daloli.

Duk da haka, za a sami mutane da yawa da za su rantse cewa su kam an mayar musu da kuɗinsu cikin sauƙi, wani lokaci ma ba tare da sun je banki ba, kantin ne da kansa ya ba su haƙuri ya mayar, ko ya sake aiko da wani ƙunshin kyauta. Gaskiya suke faɗa, kuma dalilin wannan sauƙi shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa.

Ba wanda zai iya karɓar kuɗi ta katin Visa ko Mastercard sai wani banki ya tsaya masa, ya buɗe masa asusun 'yan kasuwa, ya ɗauki lamunin cewa in ƙorafi ya taso kuma ɗan kasuwar ya gudu, shi bankin zai biya. Matsayinsa kamar na dillali ne a kara, wanda baƙo ba ya sayar da sa sai ta hannunsa, yana cin la'ada, in rigima ta tashi kuma shi ake riƙewa, in rigingimun baƙinsa suka yi yawa sarkin kara ya kore shi tare da su. Baƙon da ya san shanunsa suna ɗauke da cuta a ciki, kuma yana son ya daɗe yana ciniki a wannan kara, ba zai bari ko mutum ɗaya ya ɗaga murya ba. Duk wanda ya dawo da fushi zai tare shi tun daga nesa ya mayar masa da kuɗinsa da fara'a, domin mutum biyun da suka gane ba su kai komai ba a kan ɗarin da suka kora shanunsu gida ba su sani ba. Haka kantunan nan suke. Kamfanonin kati suna ƙidaya ƙorafin da ake kawowa a kan kowane ɗan kasuwa, in ya wuce iyakar da suka gindaya sai a sa masa ido, a ci tarar bankinsa, daga ƙarshe a rufe asusun, a kuma sa sunansa a wani kundin da Mastercard ke riƙewa, wanda bankuna ke dubawa kafin su karɓi sabon ɗan kasuwa, ya zauna a ciki shekara 5. Tsoron wannan ne ya koya wa masu haramtaccen ciniki ladabi. Sun ɗauki ma'aikatan amsa waya, sun koyi ba da haƙuri, sun koyi aika kaya a kan lokaci, domin waɗannan ne abubuwan da tsarin ke aunawa. Abin da ke cikin ƙwayar kuwa ba ya cikin ma'aunin, saboda haka ba abin da ya tilasta musu kula da shi. Mai saye yana ganin saurin mayar da kuɗi ya ɗauke shi alamar amana, alhali dabarar ɓoyewa ce daga idon banki.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2011 wasu masana kwamfuta, galibinsu daga Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego da Berkeley, suka wallafa wani bincike inda suka bi diddigin saƙonnin tallan da ke cika akwatunan imel, suka yi ƙoƙarin sayen kaya da katunansu na gwaji fiye da sau 100 domin su ga inda kuɗin ke tafiya. Mafi yawan cinikin da aka cire wa kuɗi an kawo kayan, da yawansu daga Indiya. Babban abin da suka gano shi ne, ko da yake shafukan tallan dubbai ne, kuma in an rufe ɗaya ana buɗe wani cikin sa'o'i da kuɗi kaɗan, kashi 95 cikin 100 na kayan da ake tallarsu ta wannan hanya bankuna uku ne kawai ke karɓar musu kuɗi, ɗaya a Azarbaijan, ɗaya a Latbiya, ɗaya a tsibiran St. Kitts da Nevis. A shekara mai biye aka sake nazari a kan littattafan cinikin wasu ƙungiyoyi uku masu tushe a Rasha, GlavMed da SpamIt da RX-Promotion, waɗanda suka fito fili sakamakon gabar da ta shiga tsakanin shugabanninsu har suka riƙa tona wa juna asiri. Littattafan sun ƙunshi cinikin da ya haura dala miliyan 170, mafi yawan masu sayen Amurkawa ne, mafi yawan abin da suke saye kuma maganin ƙarfin maza ne, sai magungunan kashe raɗaɗi da na cututtuka masu daɗewa.

Bai kamata a yi gaggawar zargin waɗannan masu saye ba. A cikinsu akwai wanda kunya ta hana shi bayyana wa likita larurarsa, akwai wanda shaye-shaye ya kama, akwai kuma dattijon da ba shi da inshorar lafiya a ƙasar da farashin magani ya fi na kusan ko'ina tsada, yana lissafin ko ya sayi abinci ko ya sayi maganin sukari. Wanda aka matsa masa haka yana neman abin da zai kwantar masa da hankali kafin ya yi kasada, kuma maganar nan ta lamunin kati ta zo masa daidai da bukatarsa. Shi ya sa take da wuyar kashewa.

Bayan binciken nan kamfanonin kati sun tsananta. Kantin magani yana da lambar sana'a ta musamman a tsarinsu, 5912, kuma wanda ke sayar da magani ba ido da ido ba an sa shi a sahun sana'o'i masu haɗari waɗanda sai bankinsu ya yi musu rajista ta daban. Da ƙofar ta ƙuntata sai masu cinikin suka koma buɗe kamfanonin bogi da sunan sayar da wasu kayan da ba ruwansu da magani, suna wuce da kuɗin ƙwaya ta cikinsu. Saboda haka mai saye zai buɗe takardar lissafinsa ya ga sunan da bai taɓa ji ba, daga ƙasar da bai yi ciniki da ita ba, da adadin da ya ɗan saɓa wa wanda ya gani a shafin. Wasu kuma suka bar katin gaba ɗaya, ko suka bar tambarinsa a shafi don jan hankali, in an zo biya sai a ce na'urar ta sami matsala, a tura kuɗi ta banki kai tsaye, ko ta manhajar waya, ko da bitkoyin, har da ragin farashi ga wanda ya yarda. Kuɗin da mutum ya tura da hannunsa ta waɗannan hanyoyi ba sa shiga ƙarƙashin dokar Amurka ta 1974, kuma dokarta ta 1978 da ta shafi katin cire kuɗi da tura kuɗi ta na'ura kariyarta a kan cinikin da aka yi ba da izinin mutum ba ne, ba ta ba shi haƙƙin jayayya a kan ingancin abin da ya saya da yardarsa ba.

Ya kamata a ambaci waɗanda lissafin banki bai ƙidaya su ba. A watan Fabrairu na 2001 wani yaro ɗan shekara 18 a Kalifoniya, Ryan Haight, ya rasu bayan ya sha ƙwayar Vicodin fiye da ƙima, wadda ya samu ta intanet daga likitan da bai taɓa ganinsa ba, bayan ya cika wata takardar tambayoyi kawai. Kayan sun iso, na gaske ne kuma, ba kuskuren lissafin da za a kai wa kowane banki. Sai a 2008 aka kafa dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta shardanta likita ya ga majinyaci ido da ido aƙalla sau ɗaya kafin a rubuta masa irin waɗannan magunguna ta intanet. A 2012 aka gano jabun maganin ciwon daji na Avastin, wanda babu sinadarin maganin a cikinsa, ya shiga hannun likitoci a Amurka ta hanyar rassan kamfanin Canada Drugs, kuma a 2018 wata kotu a jihar Montana ta yanke wa kamfanin biyan dala miliyan 34. In likitocin da sana'arsu ke nan an yaudare su da kwali da tambari, ina ga mai saye a ɗakinsa? Al'amarin ya ƙara muni da shigowar fentanil, wanda kimanin miligiram 2 nasa kan iya kashe mutum. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta ce a 2023 bakwai cikin goma na jabun ƙwayoyin da ta gwada suna ɗauke da adadin da zai iya kisa. A ƙarshen Satumba na 2024 masu gabatar da ƙara a New York suka tuhumi mutum 18 da gudanar da shafuka masu kamar kantunan magani na halal daga Amurka da Jamhuriyar Dominika da Indiya, suna aika wa mutane ƙwayoyin da aka cakuɗa da fentanil, suka ce aƙalla mutum tara sun mutu.

Hukumomi ba su zauna ba. Tun 2008 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol ke jagorantar samame mai suna Pangea, ana kama kaya ana rufe shafuka. A 2011 kamfanin Google ya amince ya sallama wa gwamnatin Amurka dala miliyan 500 saboda karɓar tallan kantunan Kanada masu shigar da magani ba bisa ƙa'ida ba. A 2013 kamfanin jigilar kaya na UPS ya sallama dala miliyan 40 a kan makamancin wannan. Amma ƙungiyar hukumomin kula da kantunan magani ta Amurka har yanzu tana cewa kimanin kashi 95 cikin 100 na shafukan da ke sayar da magungunan da ke bukatar takardar likita ba sa bin doka. A ganina an fi ba da ƙarfi ga abin da ke da daɗin sanarwa, watau yawan shafukan da aka rufe, alhali masana sun nuna tun 2011 cewa maƙogwaron cinikin shi ne asusun banki, wanda samun sabo ke ɗaukar lokaci da kuɗin ajiya mai yawa. Bankin da ya karɓi ɗan kasuwa mai haɗari yana cin la'ada mafi tsada a kansa, kuma shi ne ya fi kowa damar tambayar lasisi da sunan mai haɗa magunguna kafin ya buɗe asusu. Bankunan masu kati kuma, waɗanda ba sa gajiya da yi wa jama'a tallan cewa kuɗinsu na cikin aminci, da sun ƙara jumla ɗaya mai bayyana abin da lamuninsu bai ƙunsa ba, da sun sauke wani haƙƙi da ke wuyansu.

Mu a nan lamarin ya shafe mu ta wata fuska, domin katin da ke aljihun mafi yawanmu na cire kuɗi ne daga asusun mutum, dokokin Amurka da Ingila da aka ambata ba su hau kansa ba, kuma maganin maza da na rage ƙiba da na basir da ake tallarsu a Facebook da TikTok da WhatsApp galibi da taransifa ake biyansu zuwa asusun mutum ɗaya, wadda in ta tafi dawo da ita sai an sha wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki jabu ne ko marar inganci. Abin da muke da shi na kariya yana gaban ciniki ne: lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasarmu, NAFDAC, da lambar da ake kankarewa a jikin wasu kwalaye a aika ta waya don tantancewa, da rajistar da hukumar kula da sana'ar haɗa magunguna ta wajabta wa kantuna har da na intanet, da mai haɗa magunguna wanda aka san sunansa da ƙofar shagonsa. Kantin da ya yarda ya sayar da maganin da ke bukatar takardar likita ba tare da ya nemi takardar ba ya riga ya bayyana halinsa, ko da wace hanya yake karɓar kuɗi.

Wanda kuwa ya riga ya saya, matsalarsa ba ta ƙare da ƙunshin da ya karɓa ba, domin ya bar sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa da ta katinsa da sirrin cutarsa a hannun mutanen da ba doka a kansu, kuma irin waɗannan bayanai suna yawo daga hannu zuwa hannu. Tun 2008 hukumar FDA ke gargaɗi a kan masu buga wa irin waɗannan masu saye waya suna cewa su jami'anta ne, suna barazanar kamu in ba a tura tara ta waya ba, galibi zuwa Jamhuriyar Dominika, alhali kotu ce kaɗai ke yanke tara, kuma jami'in hukuma ba ya karɓarta ta waya. Abin da ya dace da mai wannan hali shi ne ya nemi likita da gaggawa ya gaya masa haƙiƙar abin da ya sha da tsawon lokacin da ya yi yana sha, musamman in maganin cuta mai daɗewa ne wanda yanke shi farat ɗaya ke da nasa haɗarin; ya ajiye ragowar ƙwayoyin da kwalinsu da takardar aikowa don miƙa wa hukuma; ya nemi banki ya soke katin ya ba shi sabo. In zai kai ƙorafi, ya kai shi a rubuce, cikin wa'adi, da gaskiyar abin da ya faru, ya kuma ambaci cewa magani ne aka sayar masa, ko da sunan da ya fito a takardar lissafinsa na wata sana'a ce daban, domin saɓanin nan tsakanin sunan da kayan shi ne abin da kamfanonin kati ke bi su kai ga asusun da bankin da ya tsaya masa.